Ina son zama mai kula da gidan abinci: in koma makaranta ne ko in ci gaba da koyo a bakin aiki?

Ɗan Ƙofar Dumi ya rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Shawara nake nema a kan al'amarin da ya daɗe yana damuna, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka riga ni shiga wannan sana'a da shekaru masu yawa.

Shekaruna 24, kuma bana shekara uku ke nan ina aiki a wani gidan abinci a cikin garin Bauchi, ba nisa da kasuwar Wunti. Da wanke-wanke na fara, na yi kusan wata bakwai a bayan kicin tsakanin tukwane da ruwan sabulu, sannan aka mayar da ni kai wa kwastomomi abinci a tebur. Yanzu kuma duk ranar da kashiya ba ta zo ba, ni ake miƙa wa akwatin kuɗi da na'urar POS. Mu goma sha huɗu ne ma'aikata. Da safe masa da miyar taushe muke sayarwa, da rana tuwo da shinkafa da sakwara, da dare kuma farfesu da dafa-duka.

Watannin baya sufabaizanmu ya sami aiki a Abuja ya tafi, sai maigidan ya ce in riƙe wurin kafin ya yanke shawara. Na riƙe har mako biyar. Ni nake buɗe gida bayan sallar asuba, ni nake raba wa kowa aikinsa, ni nake rufewa bayan goma na dare, kuma a iya sanina ba a sami wata matsala ba. A mako na shida sai ga wani an kawo daga waje, mai difloma, aka ce shi ne sabon sufabaiza. Da na sami maigidan a keɓe na tambaye shi ko na yi wani laifi ne, sai ya ce ba laifin da na yi, ina da ƙoƙari da gaskiya, amma ba ni da takarda kuma ban san lissafin sito ba. Daga nan ya tambaye ni faranti nawa buhun shinkafa yake fitarwa a gidan, na rasa abin da zan ce masa. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai, amma da na kwanta na yi nazari sai na ga rabinta na biyu gaskiya ne, domin shekara uku ina ɗaukar shinkafar nan da hannuna ban taɓa tunanin ƙirga ta ba.

Ina da kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci da lissafi. Abin da ya hana ni ci gaba tun farko shi ne mahaifinmu ya rasu, kuma da albashin nan nake taimaka wa mahaifiyarmu da ƙannena uku. Tambayata ita ce, shin in ajiye aikin in koma makaranta in yi difloma, ko akwai wani gajeren kwas da zai wadatar, ko kuwa in haƙura in ci gaba da koyo a inda nake? Sannan ina so a gaya mini gaskiya, wannan aiki yana da gaba, ko ɓata ƙuruciyata nake yi?

Tsohon Weta daga Gombe ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kuma saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi. Ni ma da tire na fara, yau shekara goma sha shida, kuma a halin yanzu ni ke kula da sashen abinci na wani otal a nan Gombe, don haka zan yi maka magana a kan abin da hannuna ya taɓa.

Kada ka ajiye aikinka yanzu. Maigidanka ya ba ka amsar tambayarka da bakinsa, sai dai ɓacin rai ya sa ka fi jin maganar takarda. Mutumin da ya zuba dukiyarsa a gidan abinci ba tsoron kwastoma mai faɗa yake ji ba, tsoronsa shi ne kuɗin da ke zirarewa ta sito da bakin tukunya ba tare da wani ya yi sata ba. Bari in ba ka misalin buhun da ya tambaye ka. Buhun shinkafa kilo 50 ne. Idan kowane faranti yana cin giram 150 na ɗanyar shinkafa, buhun zai ba ka faranti 333. Idan mai zubawa ta ɗan sake hannu har ya zama giram 170, wanda ido ba zai taɓa ganewa ba, buhun ya koma faranti 294. Faranti 39 ke nan suka tafi a buhu ɗaya, kuma ba wanda za ka kama da laifi. Ka ninka wannan da yawan buhunan da kuke ci a wata, ka haɗa da mai da nama da gas, sai ka fahimci dalilin da ya sa wasu gidajen abinci suke cike da jama'a kullum amma a wayi gari an rufe su.

Saboda haka aikin farko da zan ba ka ba ya buƙatar kuɗin makaranta. Ka sayi littafi mai kauri da biro, ka roƙi izinin tsayawa a wurin idan ana karɓar kaya. Duk abin da ya shigo daga kasuwar Muda Lawal ko daga wurin mahauci a ɗora shi a sikeli a gabanka, ka rubuta nauyinsa da farashinsa da ranar da ya zo. Ka ƙirga yanka nawa kilo ɗaya na nama yake bayarwa bayan an cire kitse da ƙashi, malmala nawa mudun gari yake fitarwa, kwana nawa jarkar mai take yi, kwana nawa tukunyar gas take yi. Bayan wata ɗaya za ka iya ɗaukar kowane abinci da kuke sayarwa ka faɗi abin da aka kashe a kansa. A ƙaddara farantin shinkafa da miya da nama kuna sayar da shi naira 2,000, kayan da suka shiga cikinsa kuma na naira 800 ne. Kashi 40 cikin ɗari ke nan na kuɗin ya tafi ga kayan abinci kaɗai, kuma daga ragowar ne za a biya haya da albashi da man janareta da gas kafin a yi maganar riba. Ranar da farashin tumatir ko na mai ya tashi, sufabaiza na ƙwarai shi ne wanda zai je wa maigida da wannan lissafi a hannu, ya ce ko dai a ƙara kuɗin faranti ko a sauya awo, ba wanda zai jira sai ƙarshen wata an ga giɓi ba.

Abu na biyu shi ne tsarin sito. Kayan da suka riga shigowa su ne za su riga fita, don haka sabon buhu bayan tsoho ake ajiye shi, ba a gabansa ba. Mabuɗi a hannun mutum ɗaya yake zama, kuma ba abin da zai fita zuwa kicin sai an rubuta an sa hannu, ko da gwangwanin tumatir ne. Mutane za su ce ka cika tsanani a makon farko, daga baya kuma su ne za su gode maka, domin ranar da wani abu ya ɓace littafin ne zai wanke su.

Na uku shi ne rufe lissafin dare. Adadin odar da kicin ya fitar dole ya yi daidai da rasit, rasit kuma ya yi daidai da kuɗin hannu da na POS da na taransifa idan an haɗa su. Kada ka taɓa yarda da alat ɗin da kwastoma ya nuna maka a wayarsa, sai ka ga kuɗin a asusun gidan. Na taɓa biyan kuɗin abincin mutum takwas daga albashina saboda na ji kunyar tsayar da wani mai babbar riga, kuma tun daga ranar ban sake ba.

Game da ko aikin yana da gaba, matakan a fili suke ga wanda ya zauna a cikinsa: daga weta zuwa shugaban masu kai abinci, daga nan sufabaiza, sai mataimakin manaja, sai manajan gidan abinci, a babban otal kuma akwai manajan sashen abinci da abin sha gaba ɗaya. Wasu kuma daga sufabaiza suke ficewa su buɗe nasu, ko su koma kwangilar abincin biki da taruka. Ni ban yi difloma ba sai da na kai shekara tara ina aiki.

Tsohuwar Ɗalibar Gwallameji ta amsa:

Yayana na Gombe ya yi bayani mai amfani, kuma ban ƙi ko ɗaya daga cikin abin da ya faɗa a kan sito ba. Inda na ɗan saɓa da shi shi ne, ina jin tsoron kada ƙanen namu ya karanta ya ɗauka takarda ba ta da muhimmanci. Shi kansa Yaya ya ce daga baya sai da ya yi diflomar, kuma na tabbata bai hau kujerar da yake kai ba sai da ita. A ƙananan gidajen abinci amana da daɗewa suna iya kai mutum sufabaiza, amma amanar tana nan a cikin zuciyar maigida ɗaya, ba ka iya ɗaukarta ka kai wani gari. Ranar da ka nemi aiki a babban otal a Abuja ko Kano ko Jos, ko a kamfanin da ke ciyar da ma'aikata da ɗalibai, wanda zai tace takardun masu nema bai san ka ba, kuma abin da ke rubuce kaɗai zai duba.

To ga hanyoyin da ke gabanka, kuma sa'arka ɗaya ita ce kusan dukkansu suna cikin garinku. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, a kan hanyar Dass, tana da sashen koyar da harkar otal da abinci, tana kuma da na yawon buɗe ido. A can na yi karatu. Ta JAMB ake shiga ƙaramar difloma, ana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sauran darussan da ake buƙata kuma suna cikin kundin JAMB, ka duba su da kyau ka gwada da sakamakonka kafin ka sayi fom. Karatun shekara biyu ne. Bayan shekarar farko ana tura ɗalibi aikin sanin makamar aiki na wata huɗu a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda ITF, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu mai hedikwata a Jos, take kula da shi. Wanda yake son babbar difloma sai ya yi shekara ɗaya yana aiki a fagen bayan ƙaramar, sannan ya dawo ya ƙara shekara biyu. Kaduna Polytechnic ma tana da wannan sashe tun da daɗewa, ga wanda zai iya zaman Kaduna.

Abin da ake koyarwa ya wuce girki nesa ba kusa ba. Akwai dafa abinci, akwai ƙa'idar kai shi tebur, akwai tsaftar abinci da sinadaran gina jiki, akwai lissafin farashi da kula da sito, wato ainihin abin da aka ce ba ka sani ba, sannan akwai kula da ɗakunan baƙi da teburin karɓar baƙi. Wannan faɗin shi ne amfanin diflomar, domin wanda ya yi ta ba a gidan abinci kaɗai zai iya aiki ba. Kai kuma da ka yi shekara uku a bakin aiki za ka shiga aji da abin da yawancin abokan karatunka ba su da shi. A ajinmu akwai wani da ya zo daga kicin ɗin wani otal, kuma duk ranar gwaji a ɗakin girki kusa da shi muke rububin tsayawa, don shi ya san zafin mai ta hanyar kallo tun kafin malami ya gama bayani.

Idan halin gida ba zai bar ka ka yi shekara biyu cur ba, akwai cibiyar NIHOTOUR, wato cibiyar gwamnatin tarayya mai horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido, wadda take da reshe a Bauchi, kuma tana da kwasa-kwasan satifiket da na difloma. Ka taka da ƙafarka ka tambayi abin da suke yi a wannan zango da lokutan darasi, ka ga ko zai dace da aikinka. NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'in kasuwanci da fasaha, ita ma tana shirya jarrabawar sana'ar girki da hidimar abinci, kuma mutum yana iya zama ya rubuta ta daga waje. Haka nan hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda ita ce ke tantance kwasa-kwasan kwalejojin fasaha, tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa mataki-mataki, wanda a cikinsa ake iya auna abin da mutum ya koya a bakin aiki a ba shi takarda a kansa.

Gargaɗi biyu zan yi maka. Na farko, wuraren koyon girki da yin kek na wata uku sun yi yawa yanzu, wasunsu kuma suna koyarwa da kyau, amma hannu suke gyarawa, ba shugabancin ma'aikata suke koyarwa ba. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi wace hukuma ce ta san da takardar da za su ba ka. Na biyu, idan kana da burin yin hidimar ƙasa wata rana, ka sani wanda ya yi babbar difloma ta karatun wucin gadi, irin na yamma ko na ƙarshen mako, ba a tura shi, haka nan wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama takardar yafewa ake ba shi. Da shekarunka 24, wannan lissafi ne da ya kamata ka yi tun yanzu. Kuma ko wace hanya ka bi, ka koyi amfani da manhajar lissafi ta Excel ko da a wayarka ne, domin littafin da Yaya ya ce ka saya, a manyan wurare cikin kwamfuta yake.

Hajiya Mai Masa ta amsa:

Ɗana, ni ban yi boko mai zurfi ba, jikata ce take rubuta mini wannan, amma shekara ashirin da biyu ina da gidan abinci a unguwar Yelwa, kuma na ɗauki masu kula da ma'aikata sun kai bakwai, na sallami wasu, wasu kuma sun tafi da albarkata. Abin da 'yan'uwanka biyu suka gaya maka gaskiya ne, sai dai akwai wani ɓangare da ba sikeli ba takarda, kuma a kansa ne na ga yawancin yara suna faɗuwa.

A kicin ɗina akwai matan da suka haifi kamarka. Wata tun kafin a haife ka take suyar masa, ta san ƙullun da ya tashi da wanda bai tashi ba daga ƙamshinsa. Ranar da aka ce kai ne shugabanta, idan ka shigo kana ɗaga murya kana kiran sunanta gatsal a gaban yara, ba za ta ce maka komai ba, amma daga ranar aikin ba zai ƙara yi maka daɗi ba. Na taɓa ɗaukar wani yaro mai takarda, ya san lissafi ƙwarai, amma cikin wata biyu manyan masu girkina biyu suka ce za su tafi. Shi na sallama, domin mai lissafi ana samunsa, amma hannun da kwastoma ya saba da miyarsa shekara goma ba a samunsa a kasuwa. Wanda ya fi daɗewa a wurina kuwa, idan ya shigo da safe sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya gaishe su, Inna ina kwana, Baba an tashi lafiya, idan kuma zai yi gyara sai ya ja mutum gefe. Duk da haka bai taɓa barin a ƙara ludayi ɗaya a kan awo ba, kuma sun bi shi.

Ka kuma koyi adalci wajen rabon aiki. Wa zai yi safe, wa zai yi dare, wa zai tsaya ranar Juma'a lokacin da maza suka tafi masallaci, wa zai huta ranar Lahadi don zuwa coci, yaya za a yi da azumi lokacin da cinikin rana ya mutu aiki ya koma buɗa-baki da sahur, wa zai sami hutun sallah bana wa zai jira baɗi. Idan ma'aikata suka lura abokanka kake ba wa ranakun sauƙi, ka rasa su ke nan. Wannan zai fi yi maka wuya fiye da baƙo, tunda tare kuka taso da su a wurin, kuma wanda kuke cin abinci kwano ɗaya da shi jiya shi ne za ka rubuta wa makara gobe.

Sai maganar kwastoma. Idan mutum ya ce ya ga gashi a miya ko naman bai dahu ba, kada ka tsaya musu da shi kuma kada ka kira mai girki ka tsitsiye ta a gabansa. Ka ba shi haƙuri, ka ɗauke farantin, ka kawo wani, bincike kuma sai bayan ya tafi.

Batun sabon da aka kawo, ina roƙonka kada ka riƙe shi a zuciya. Ka taimake shi ya san gidan, shi kuma ka ɗebi abin da ya karanto. Mu masu gida muna ganin wanda yake yi wa sabon shugaba zagon ƙasa, kuma ba ma ba shi mabuɗi ko da wancan ya tafi.

Ɗan Ƙofar Dumi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, maganarki ta same ni, domin gaskiya tun da aka kawo shi gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Jiya na same shi na ce ina so ya nuna mini yadda yake cike littafin sito, kuma ya amsa da fara'a, har ya ce in riƙa zuwa karɓar nama da shi da ƙarfe bakwai. Na yanke shawarar zan je NIHOTOUR da Gwallameji in ji bayani da kunnena kafin lokacin sayar da fom ɗin JAMB. Abin da ya rage mini shi ne, sabon sufabaizan ya ambaci gwajin lafiyar masu taɓa abinci, ya ce ana tambayarsa a manyan wurare. Mene ne shi, kuma akwai wata takarda da ya kamata in nema daga maigidan tun yanzu?

Dubagari Mai Ritaya ya amsa:

Ɗana, wannan fagena ne, na yi shekaru ina shiga kicin-kicin na gidajen abinci da otal-otal. Gwajin da ya faɗa maka bincike ne da ake yi wa duk mai dafa abinci ko kai shi ga jama'a, a asibiti ko ɗakin gwaji, don a tabbatar ba ya ɗauke da cutar da zai iya sa wa mutane ta hanyar abinci, irin su taifot da tarin fuka da ciwon hanta da tsutsar ciki. Ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci, kuma sufabaiza ne ya kamata ya ajiye takardun kowa a fayil ɗaya, ya san ranar da na kowa zai ƙare. Idan muka shigo duba wuri, shi muke fara tambaya, ba mai girki ba.

Akwai ƙa'idoji kaɗan da nake so ka haddace kamar sunanka, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya take koyarwa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, saboda haka abin sanyi ya zauna ƙasa da 5, abin zafi kuma sama da 60, nama da kaza su dahu har cikinsu ya kai 70, kuma dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili. A zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shinkafa ta fi kowane abinci yaudarar mutane, domin akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe ƙwanta, idan shinkafar ta huce a kula ta daɗe sai ta farfaɗo ta zuba dafi, kuma ɗumame ba ya karya wannan dafin. Haka nan wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyar kaza da su ba za su taɓa kabeji da latas ba sai an wanke su da sabulu. Idan wuta ta ɗauke cikin dare, da safe kafin komai ka buɗe firiza ka taɓa naman da hannunka. Wanda ya narke ya saki ruwa ya yi ɗumi ba a mayar da shi ya sake daskarewa, ko da maigida zai ji zafin asarar. Ma'aikacin da ke gudawa ko amai kuma gida zai koma, ba a bar shi ya ƙarasa aikin ranar ba.

Sai ɓera. Jihar Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba a ƙasar nan, musamman da rani, kuma babbar hanyar kamuwa da shi ita ce abincin da fitsari ko kashin ɓera ya taɓa. Don haka buhu ba ya zama a ƙasa ko ya jingina da bango, a kan katako ake ɗora shi, gari da shinkafar da aka buɗe a zuba su a mazubi mai murfi, a toshe ramuka, a kwashe shara kowane dare kafin a rufe. Na sha shiga sito in ɗaga buhu ɗaya kawai in san irin mai kula da gidan.

Game da takarda daga maigida, dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa, kuma wanda ya cika wata goma sha biyu yana aiki yana da hutun aƙalla kwanakin aiki shida da albashinsa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, saboda haka gida irin naku mai mutum goma sha huɗu yarjejeniya ce tsakaninku da mai shi, wannan ma yana cikin dalilan da suke sa mutane neman manyan wurare idan sun ƙware. Abin da zan ba ka shawara ka nema cikin ladabi, a ranar da ka ga ransa a sake, shi ne wasiƙa a kan takardar gidan mai ɗauke da sa hannunsa, wadda za ta faɗi ranar da ka fara aiki da matakan da ka riƙe. Ka tabbata an rubuta mako biyar ɗin nan da ka riƙe gidan a matsayin muƙaddashin sufabaiza, da kwanan watan farawa da na gamawa, sannan ka yi mata hoto ka ajiye asalin a gida.